Tafinta tsakanin wasannin Windows da Linux

Mafi yawan wasannin kwamfuta domin Windows aka rubuta su. Idan wasa zai buɗe fayil ko ya zana hoto, sai ya miƙa buƙatarsa ga babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, bisa ƙa'idojin Microsoft. Linux kuwa, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991, kuma kowa ke da izinin duba rubutunsa ya gyara, ba ya jin wannan harshe.

Tun 1993 aka fara aikin Wine. Ba ya kwaikwayon wata kwamfuta. Tafinta ne da ke karɓar umurni yana mayar da shi harshen Linux nan take. Sunansa ma abin nazari ne: harufan farko ne na wata jimlar Ingilishi mai nufin "Wine ba makwaikwayi ba ne", wato taƙaitaccen suna mai ɗauke da kansa a cikinsa.

A 2018 kamfanin Valve ya fito da Proton, inda ya haɗa Wine da DXVK mai fassara umurnin zane daga Direct3D zuwa Vulkan. Da shi na'urar Steam Deck ta 2022 ke gudanar da dubban wasannin Windows.

Sai dai akwai inda tafinta ba ya kaiwa. Manhajar hana maguɗi ta wasan Valorant tana zama ne a can cikin zuciyar Windows, don haka wasan ba ya tashi a Linux. Kuma a 2021 kamfanin Feral Interactive ya fasa fitar da wani wasan Total War na Linux zalla, yana cewa buƙatar irin wannan aiki ta ragu tun zuwan Proton.