Amsa-kuwwa da muryar mawaƙan Damagaram

Duk wanda ya taɓa shiga zaurukan fadar Sarkin Damagaram, cikin Birni, ya san yadda murya take cika a cikinsu. Gini ne na ƙasa mai kaurin bango, wanda aka tayar wajen 1850. In maroƙi ya ɗaga murya, sai amon ya bugi bango ya komo, ya sake bugawa, har ya mutu sannu a hankali. Wannan ita ce amsa-kuwwa. Da yake amo yana gudun mita wajen 340 cikin daƙiƙa guda, a ɗaki irin wannan kunne ba ya raba muryar da abin da ya komo. Sai dai ya ji ta yi kauri da kwarjini.

Abin da ke yi wa mawaƙi daɗi shi ne ke wahal da mai ɗaukar murya. An buɗe Radiyo Nijar a 1958, ta zama Muryar Sahel a 1974, kuma a wancan zamani abin da ya hau bisa zare ya hau ke nan. Dabarar ma'aikaci ba ta wuce ya matso da mikro kusa da bakin mawaƙi ba, ko ya rataya barguna ga bango, ko kuwa ya fitar da makaɗa waje, inda babu abin da zai maido da amo.

Turawa su kuma sun nemi hanyar ƙera ta. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da wani babban faifan ƙarfe mai girgiza, wanda ke sa wa busasshiyar murya amsa-kuwwa. A 1976 ya fito da na'urar da ke yin aikin da lissafi. Yau kuwa, a ɗakunan ɗaukar waƙa na Damagaram da Kano, saurayi mai kwamfuta yana iya mai da ɗan ƙaramin shago kamar masallacin Juma'a.

A nan hankali ya kamata. Hausa harshe ne da ma'anarsa ke rataye ga hawa da saukar murya da tsawon wasali: da su ne kunne ke raba garin zama da garin tuwo. In amsa-kuwwa ta yi tsawo, wutsiyar kalma ta hau kan mai bi mata, sai baƙaƙe su dushe. Waƙar soyayya ta fim tana iya jurewa. Waƙar fada irin ta Ma'azu Ɗan Alalo, mai ɗauke da sunayen sarakuna da kirarinsu, ba ta jurewa, don kuwa tarihi ne ake faɗi.

Zuba amsa-kuwwa yana da sauƙi. Cire ta, ko da na'urorin yanzu, ba ya yiwuwa sarai ba tare da an taɓa muryar ba. Saboda haka wajibi ne ga ma'aikatan da ke juye tsofaffin zaruruwa da kasat cikin kwamfuta su ajiye kwafi guda yadda aka ɗauko shi, da sunan mawaƙi da wuri da shekara, kafin kowa ya sa hannu da sunan gyara.