Hutun haihuwa ya ƙare: hannun wa za a bar jinjiri?

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, a unguwar Talaje ta birnin Yamai ko a Sabon Gari na Damagaram, ana iya ganin mace tsaye bakin ƙofar gida, jakar aiki a kafaɗa, mai taksi ko ɗan kabu-kabu yana jira, ita kuwa ta kasa ɗaga ƙafa. A cikin gida akwai jinjiri ɗan wata biyu a hannun yarinyar da aka kawo daga ƙauye shekaranjiya, wadda uwar ba ta ma gama riƙe sunan garinsu ba. Hutu ya ƙare, biro yana jira, kuma shugaban ma'aikata ba ya tambayar wanda aka bar wa yaro.

Dokar aiki ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta bai wa mace mai ciki hutun mako 14 a jere, 8 daga ciki bayan haihuwa. Idan likita ya tabbatar da rashin lafiya ta dalilin cikin ko haihuwar, ana iya ƙara mako 3. Ba a korar mace daga aiki cikin wannan hutu. Ma'aikaciyar gwamnati tana ci gaba da karɓar albashinta. Ta kamfani kuwa, rabin kuɗinta yana fitowa daga asusun CNSS, wanda kowa ke kira Kes. A shekarar 2019 Nijar ta sa hannu kan yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ajiye mako 14 a matsayin mafi ƙarancin hutu. Wato ƙasar ta cika sharaɗin, amma a kan gaɓarsa ta ƙasa take. Ita ƙungiyar da kanta ta ba da shawarar a kai mako 18.

To, a yi lissafi irin na kasuwa. Mako 8 kwana 56 ke nan. A cire kwana 40 na jego, saura 16. Wanda ya san gidan mai jego ya san cewa cikin kwanakin nan 16 ne ake yawon arba'in, a gaida dangi, a nemo mai raino, a gwada ta, a amince da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, tun 2001, tana cewa a bai wa jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu. Ana maimaita wannan a kowace matarnite da kowane wurin awo. Wata 6 mako 26 ne. Tsakanin abin da dokar aiki ta bayar da abin da likita ke nema akwai ramin mako 18, kuma uwa ce kaɗai ke faɗawa cikinsa. Hatta allurar rigakafi ta mako 10 da ta mako 14 suna zuwa ne bayan an koma aiki. Shi ya sa mata da yawa ke ɓoye hutunsu na shekara kamar yadda ake ɓoye hatsi don bazara, su liƙa shi a bayan na haihuwa, ko jinjiri ya kai wata uku kafin a rabu.

Doka ta ƙara da sa'a ɗaya a kowane wunin aiki don shayarwa, har yaro ya shekara. A Tawa ko Madawa, inda gida da wurin aiki ba su da nisa, sa'a ɗaya tana da amfani. A Yamai, ga wadda ke zaune Harobanda tana aiki a Filato, gada kaɗai ta isa ta cinye ta. A da, lokacin da ake tashi da tsakar rana a koma da la'asar, uwa tana samun zuwa gida ta shayar, ta ga abin da ake ciki. Tsarin aiki na wuni a jere ya rage kuɗin mai da na taksi, amma ya tsawaita sa'o'in da jariri ke yi bai ga uwarsa ba.

Wurin da hankali ke fara zuwa shi ne wurin kaka. Can asali ma ba a san wata matsala mai suna raino ba: gida babba ne, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matar wa da matar ƙane, yaro yana wucewa daga baya zuwa baya har uwarsa ta gama daka. Amma ma'aikaci ba shi ke zaɓen garin zamansa ba. Malamar lakwal ƴar Mirya ana iya tura ta Yamai, kimanin kilomita 900 daga ɗakin uwarta, ta zauna gidan haya mai ɗaki biyu cikin mutanen da ba ta sani ba. Sai a aika wa tsohuwa kuɗin mota. Takan zo, don ba a kiran kaka ga jika ta ƙi, amma takan zo da ranar komawa a bakinta: akwai mai gida tsoho da aka bari, akwai awaki, akwai wata ɗiyar da ita ma ta kusa sauka. Wata ɗaya, wata biyu, sai a ji tana cewa birni ya ishe ta.

Ga amana dai babu kamar kaka, kuma ba ta karɓar ko dala. Inda ake samun saɓani shi ne wurin ruwa da bauri. Tsohuwar da ta raini ƴaƴa takwas ba ta ganin dalilin da zai sa a hana jinjiri ruwa cikin zafin Afrilu, kuma idan ɗiyarta ta ce likita ya hana, amsar a shirye take: ke da me aka raine ki? Idan uwar miji ce, maganar ta fi wuya, don surukuwa ba a yi mata gardama. Sai dai a ce “Inna, ki yi haƙuri,” a fita da zuciya a dagule. Ungozomomi sun san maganin wannan: a tafi da tsohuwa wurin awo, ta ji bayanin daga bakin mai farar riga, ta ga allurar sikeli tana hawa wata bayan wata. Kakar da aka girmama aka sa cikin shawara takan zama mai tsaron dokar fiye da uwar. A nan kuma miji yana da aikin da babu mai yi masa, domin shi ne zai iya gaya wa mahaifiyarsa abin da matarsa ba ta iya faɗa.

Idan babu kaka, sai ƴar raino. Wannan ita ce hanyar da mafi yawan gidaje ke bi, kuma ita ce aka fi jin kunyar a yi maganarta a fili. Ana aika saƙo ƙauye a turo yarinya, ɗiyar ƙanwa ko ɗiyar wani talakan dangi, wani lokaci ta hannun wata mata mai dillancin ƴan aiki wadda ke cire nata kaso. Dokar aiki ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, kuma a Disamba 2017 gwamnati ta fito da dokar kare karatun ƴaƴa mata har shekara 16. Duk da haka wanda ya zagaya unguwanni da hantsi zai ga yarinya ƴar shekara 10 ko 11 goye da jinjiri, kan yaron yana lilo, ita kuwa idonta na wurin ƴan uwanta masu wasan gaɗa. Ba mugunta gare ta ba. Yarinya ce aka ba yaro. Ba ta san zazzaɓin da ake gudu da shi gidan likita ba, ba ta san cewa ba a girgiza jariri don ya yi shiru ba, kuma idan ya faɗi daga hannunta tsoron duka zai sa ta rufe baki. Sau da yawa ba raino kaɗai aka ɗora mata ba, har da wanke-wanke, shara da aike, ga garwashi a murhu, ga bokitin ruwa a buɗe. Akwai kuma abin da ya kamata malama ko ma'aikaciyar lafiya ta tsaya ta duba: ta samu aikinta ne don an bar ta ta yi lakwal, ga shi tana riƙe shi da hannun yarinyar da aka cire daga aji.

Su kuma ƴan cin rani, waɗanda suka fi girma kaɗan, suna zuwa bayan girbi su koma da faɗuwar ruwan farko. Uwar da ta ɗauki ɗaya a Nuwamba ta san cewa a Yuni za ta sake nema, daidai lokacin da yaro ya saba da fuskarta.

Babbar mace wadda ta haihu ta san raino, ko ƴar ƙasa ko cikin matan Togo da Benin da suka daɗe suna aikin gida a Yamai, ta fi kwantar da hankali, amma kuɗinta daban ne. Albashi mafi ƙaranci da doka ta yarda da shi ya zauna kan sefa 30.047 tun 2012, sai a farkon 2024 aka kai shi 42.000, wato jika 42. Ƙaramin ma'aikaci mai biyan haya, wuta, ruwa da buhun shinkafa, idan ya ji wannan adadi sai ya yi murmushi kawai. Kowa ya san abin da ake biyan masu aikin gida bai kai nan ba. Sai dai arha tana da nata farashi. Wadda ake biya kaɗan, a makare, a kuma ci mata mutunci gaban baƙi, ranar da ta samu inda ya fi ba ta sallama. Gidajen da mai raino ke shekara biyu, uku, in an bincika za a tarar ana biyanta ranar da aka yi alkawari, tana da ranar hutu, tana cin abin da masu gida ke ci, kuma an rage mata aikin gida don idonta ya zauna kan yaro.

Gidajen raino na kuɗi, waɗanda ake kira kiresh, sun ƙaru a Yamai, akwai kaɗan a manyan biranen jihohi. Kada a haɗa su da jardan, wanda ba ya karɓar yaro sai ya kai shekara uku ko fiye. Masu kyau cikinsu sun fi ƙarfin aljihun yawancin ma'aikata, masu arha kuwa wani lokaci ɗaki ne da tabarma da mace ɗaya a kan jarirai da yawa. Fenti da hotunan bango ba su nuna komai. Uwa ta je ba tare da sanarwa ba, da tsakar rana, ta ƙirga hannaye ta ƙirga jarirai, ta duba ruwan sha da wurin wanke hannu, ta tambayi takardar izini da abin da ake yi idan yaro ya yi zafin jiki. Ɗakin da jarirai duka ke barci lokaci ɗaya, kullum, shi ma abin tambaya ne, domin siron mura mai sa barci ana samunsa a tebur, kuma haɗari ne ga jariri.

Tsakanin waɗannan duka akwai wata hanya da ba ta da suna, ita ce maƙwabciya. A Maraɗi da Damagaram, inda matan aure da yawa ke wuni cikin gida, ana samun dattijuwa ko uwar ƴaƴa da za ta riƙe jinjiri daga safe zuwa la'asar. An san gidanta, an san mijinta, an ga yadda ta raini nata. Abin da ke ɓata irin wannan shiri shi ne kunya: ba a yanka kuɗi don kada a ce an mai da zumunci ciniki, sai a riƙa kai sabulu da turmin atamfa da salla, har ranar da ɗaya ta ji an ci da guminta. Gara a faɗi adadi tun farko, gaban mazan biyu.

Ko a hannun wa aka bar yaro, tambayar abincinsa tana nan. Nonon da aka tatsa cikin kofi mai tsabta da murfi yana jure wajen sa'a 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, ya yi kwanaki kaɗan cikin firigo. Amma a watan da zafi ke wuce digiri 40 kuma wuta ke yankewa, sai an yi hattara. Ma'aikatan lafiya sun fi son a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, domin bibiron yana da wuyar wankewa. Madarar gwangwani kuwa tana cin albashi, kuma idan gwangwani ya kusa ƙarewa kafin ƙarshen wata, mai raino takan ƙara ruwa ta rage gari, yaro yana sha yana ramewa.

Ƴar kasuwa za ta ce duk wannan kukan masu albashi ne. Mai sayar da kayan miya a kasuwar Dole ko a Katako ba ta da hutun mako 14, ba ta da Kes. Ranar da ta ƙi fita babu cefane. Tana gama arba'in, wani lokaci kafin nan, sai ta ɗaure jinjiri a baya ta koma rumfa, cikin rana da ƙura da hayaƙin babura. Amma tana da abu ɗaya da sakatariya ba ta da shi: ɗanta yana jikinta, ya yi kuka ta juyo shi ta ba shi nono. Daga nan ne ma'aikatu za su iya koyon wani abu. Ofisoshin ministoci suna kusa da juna a Filato. Ɗaki ɗaya mai inuwa da famfo, da mata biyu ko uku da aka horar, iyaye suna haɗa kuɗin biyansu, zai mai da sa'ar nan ɗaya ta doka abin da ake iya amfani da shi. Haka ma a manyan lakwal-lakwal da gidajen likita, inda mata suka fi yawa. Alhajin da ke da mata masu aiki a kanti ko kamfaninsa shi ma yana iya lissafa kwanakin da ake rasawa duk lokacin da wata ƴar raino ta gudu, ya gwada da kuɗin hayar ɗaki ɗaya a bayan shago.