Makarantar Lambu Ko Bin Baba Fadama?

Wani ɗalibinmu ya tambaye ni, wai ina amfanin zuwa Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Dadin Kowa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2002, alhali ubansa bai taɓa riƙe alli ba, amma ko wane rani yana kai tumatir kasuwar Gombe?

To, gaskiya ne ba a koyon ban ruwa a kan benci. Dashe, da fid da fangali, da sanin sa'ad da ƙasa ta ƙoshi, sai a fadama. Ko auren mangwaro ma sai hannu ya saba da wuƙa.

Amma ku tuna da 2016, sa'ad da wata tsutsa mai asali daga Kudancin Amurka ta cinye tumatir a Kano da Katsina da Kaduna. Tsofaffin 'yan lambu suka yi ta feshi a banza, domin cikin ganye take shiga ta ɓuya, in kuwa aka nanata mata magani guda sai ta saba da shi. Wannan kam kakanni ba su san shi ba, balle su koyar, sai masu karatu suka bayyana. Na ce wa yaron ya tafi, amma in an ba da hutu ya ɗauki fartanya ya bi ubansa.