Kufan Surame: Abin da Ganuwa Ke Iya Gaya Mana Game da Daular Kabi

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba kufan Surame, hedkwatar Kabi ta dā, mu ga inda tarihin baka da abin da ke ƙasa suka haɗu.

Tarikh al-Sudan ya nuna cewa Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan sun dawo daga yaƙin Agadas, a kan rabon ganima. Shi ne ya kafa Surame yamma da inda birnin Sakkwato yake yanzu, kusa da fadamar Gulbin Rima. Garin ya ci gaba da zama mazaunin sarakuna har farkon ƙarni na 18, sa'ad da aka koma Birnin Kabi. A 1964 aka sanya kufan cikin kayan tarihi na ƙasa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne ganuwar. Galibin biranen Hausa da ƙasa aka gina ganuwarsu. Ta Surame kuwa da duwatsu aka jera ta, aka liƙe da laka, kuma ba zagaye ɗaya ba ce. Tarihin baka ya ce Kanta ya raba aikin ga al'ummomin da ya ci da yaƙi. Nufawa, in ji ruwayar, sun makara, sai aka hukunta su da kwaɓa lakarsu da man kaɗe maimakon ruwa. Ba lallai ne mu ɗauki zancen man kaɗe a kan zahirinsa ba. Amma a ganinmu labarin ya adana gaskiya guda: irin wannan gini ba ya yiwuwa sai da aikin tilas na dubban mutane, da hatsin ciyar da su, da ikon tattaro su daga nesa. Watau ganuwar ma'aunin ƙarfin daula ce. Idan aka gwada salon jeren duwatsu daga sashe zuwa sashe, za a gane ko hannuwa daban-daban ne suka yi aikin.

An yi irin wannan gwaji a ƙasar Akan ta Gana, wadda fataken goro suka san hanyarta ta Illo da Bargu (mu mutanen yankin Bagudo, hanyar ta ƙofarmu ta bi). Merrick Posnansky ya fara tono a Begho a 1970, Kwaku Effah-Gyamfi kuma ya binciki Bono Manso. Dukansu sun auna ruwayoyin dattawa da tsingaro da gawayin da aka haƙo.

Shawararmu ita ce a bi wannan tafarki a Surame, a fara da ƙofofi da wurin da ake cewa nan ne fadar Kanta, a haɗa da Gungu da Leka, sauran biranensa.