Sassabin Kalgo a Gonakin Ƙasar Bakura

Manufarmu a wannan takarda ita ce bayyana yadda ya kamata a riƙa sassabe kalgo, wanda masana ilmin tsirrai suka sanya cikin dangin wake. A gonakin tudu na Bakura da Talata Mafara, manomi yakan sare shi ƙasa-ƙasa da bazara, ya cinna wa rassan wuta. Kututturen ba ya mutuwa, sai dai ya yi toho barkatai, babu mai ƙwari a ciki.

Dabarar da aka soma yaɗawa a Maraɗi a 1983, wadda ake kira sassabin zamani, ta saɓa wa wannan. Manomi zai zaɓi toho 3 zuwa 5 mafiya miƙewa, ya cire sauran. Sa'an nan ya datse rassan gefe har rabin tsawon kowanne, da gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. In ya zarce rabi, iska ko akuya na iya karya tohon.

A ganinmu ribar a fili take: ganyen ya zama taki, gindin ya tare ƙasar da iska ke kwashewa, gida kuma ya sami makamashi.