Itace a Cikin Kasko: Hikimar Bonsai da Gawon Gonakinmu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni ta nufi Tawa a tsakiyar rani, sa'ad da ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙare, kowane tsiro ya sunkuya saboda zafin rana, lalle zai ga gawo tsaye cikin gonaki da ɗanyen ganye, dabbobi suna tsintar ƴaƴansa a gindi, alhali kuwa da damina ne yake kaɗe ganyensa ya bar wa gero hasken rana. Wannan itace, da hannun manomin da ya raine shi, su suka sa na tuna da wata sana'a ta mutanen gabas mai nisa, wadda ake kira bonsai.

Ma'anar kalmar a harshen Japan ita ce shuka a cikin faranti. Asalin abin daga ƙasar Sin yake, inda malamai da masu mulki suka daɗe suna tsara ƙananan itatuwa da duwatsu a cikin kasko, domin su kawo kamannin daji da tsaunuka cikin gida. Har an sami zanensa a bangon kabarin wani ɗan sarki na daular Tang, wanda aka gina a shekarar 706. Daga can ya ƙetara teku zuwa Japan, ya sami gindin zama a gidajen ibadar mabiya Zen da fadojin sarakuna, kuma tun 1934 ake yi masa babban baje koli a birnin Tokyo.

Kada mai karatu ya zaci wani irin itace ne wada da aka halitta haka nan. Itace ne kamar kowane, wanda da an dasa shi a fili da ya girma ya yi inuwa; amma mai shi yakan ajiye shi cikin kasko marar zurfi, ya riƙa rage masa saiwa bayan ƴan shekaru yana sake masa ƙasa, ya datse tohon da ya wuce kima, ya naɗa wa rassa waya yana karkata su sannu a hankali, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, har ya zama tsawonsa bai wuce kamu biyu ko uku ba, amma yana ɗauke da kwarjinin tsohuwar kuka. Akwai wani da aka fara raino a shekarar 1625, wanda zuriyar Yamaki suka yi ta gadonsa uba da ɗa. Yana cikin gidansu a Hiroshima ranar da aka jefa bam a 1945, Allah ya kuɓutar da shi, aka ba da shi kyauta ga Amurka a 1976, yana nan da rai a birnin Washinton.

To, mene ne fa'idar wannan wahala, tun da itacen ba ya ba da inuwa ko makamashi? Masu sana'ar sun ce tarbiyyar da ake yi wa itacen ita ce mai shi yake yi wa ransa. Wanda ya san cewa gafalar kwana biyu da zafi tana iya kashe amanar kakanni, kuma reshen da aka yanke cikin gaggawa ba ya komawa, dole ne ya zo wurin aikin da natsuwa, ya duba kafin ya yanke, ya yarda cewa ƙarshen aikin jikansa ne zai gan shi. Ko da yake aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, malamanmu ma sun daɗe suna horo da tafakkuri cikin halittar Ubangiji, da halartar zuciya cikin kowane aiki, da haƙuri, da ƙana'a.

Haƙiƙa wannan hikima tana nan cikin gonakinmu, sai dai mu girma muke nema wa itace. Bayan farin 1973, lokacin da daji ya ƙare, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, wani malamin gona mutumin Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, wanda a lokacin yake aiki a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Manomi yakan zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi, na gawo, ko kalgo, ko sabara, ya yanke sauran, ya aske rassan ƙasa, ya tsare su daga gatari da awaki. Wannan shi ake kira sassaben zamani, kuma masana sun ƙiyasta cewa ya rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. A ƙasar Illela kuwa, wasu manoma da suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun dawo da ingantacciyar dabarar tassa, wato haƙa ramuka a fako a zuba taki su tare ruwan sama, sai ga gero ya fito inda aka fid da rai, itatuwa kuma suka tsiro daga ƙwayoyin da ke cikin takin.

Mai bonsai na Japan da mai sassabe na Ƙonni da Malbaza da Illela, dukansu wuƙa ce a hannunsu, kuma dukansu sun san cewa falalar mai wuƙa tana ga sanin abin da zai bari. Saboda haka, ya kai ɗan'uwa manomi, idan ka shiga sharar gona bana, ka tsaya a kan kowane kututture ka dube shi da idon basira kafin ka ɗaga hannu, ka bar wa jikokinka gawo ko da guda goma, domin itacen da mutum da dabba za su amfana da shi bayan ranka sadaka ce mai gudana.