Fatar Jariri Amana Ce: Bushewa, Ɓawon Kai da Ƙaiƙayi a Gidajenmu na Zango

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A cikin hunturun da ya wuce, wata baiwar Allah ta yi sallama a zauren mahaifinmu a Maamobi bayan sallar asuba, tana goye da jariri ɗan wata 2, tana roƙon Malam ya yi masa tofi. Da ta sauke goyon aka cire masa hula, sai ga kan yaron duk ɓawo, gefe guda kuma ya yi miki har yana tsattsafo da ruwa. Ta ce tun da ɓawon ya bayyana kakar yaron take kankare shi da mataji a wajen wanka, daga baya kuma wata maƙwabciya ta ba su wani man bututu suna shafa masa. Malam ya yi addu'a, sa'an nan ya ce mata, "'Yata, addu'a mun yi. Saura ki kama hanyar asibiti yanzu, tun rana ba ta yi ba." Bayan mako 2 ta dawo godiya. Ta ce ma'aikaciyar jinya ta gaya mata cewa da an ƙyale ɓawon da ya tafi da kansa, kuma mikin nan kankarewa ce ta jawo shi.

Wannan al'amari ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Yawancin abin da ke fitowa a fatar jariri ba shi da haɗari, amma sau da yawa mu ne muke mayar da shi ciwo saboda gaggawa da yawan shafe-shafe, alhali ƙauna ce ta sa mu yin hakan. Abubuwa 3 ne suka fi damun iyaye, wato bushewar fata, ɓawon kai, da ciwon ƙaiƙayin nan da likitoci ke kira ekzima. Wanda ya iya rarrabe su ya huta da rabin wahala.

Bushewa da saɓar fata

Allah cikin hikimarSa Ya ajiye jariri wata 9 a cikin ruwa, Ya lulluɓe shi da wani farin maiƙo da ke kare masa fata. Da ya fito duniya iska ta buge shi, sai fatar sama ta fara saɓa, musamman a wuyan hannu, idon sawu da tafin ƙafa. Wannan yakan zo daidai da ranar suna, lokacin da gida ya cika da baƙi, kowace mace kuma da irin shawararta. Saɓar nan ba cuta ba ce, takan wuce cikin mako 2 zuwa 3. Shi kuwa farin maiƙon, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi saurin wanke shi. A jinkirta wankan farko har awa 24, in hakan ba zai yiwu ba, to aƙalla awa 6.

Fatar jariri ta fi ta babba siranta, tana kuma saurin rasa danshi. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke gangarowa daga Sahara har gaɓar teku, ake ganin fatar yara ta yi fari-fari da kaushi. Ruwan zafin da ya dace da mai jego ya fi ƙarfin jariri. Nasa ya zama mai ɗumi, a gwada shi da gwiwar hannu, kuma wankan kada ya wuce minti 5 zuwa 10. Soson raga da muke amfani da shi na manya ne, tafin hannu ko tsumma mai laushi ya ishi jariri. Haka nan sabulun salo, wanda a kasuwannin Accra ake kira alata samina, da toka ake haɗa shi, yana da kaifi, yana kuma kwashe ɗan maiƙon da fatar ke taƙama da shi. Bayan wanka a tsane jikin da tawul ba tare da gogawa ba, a shafa mai nan take tun fatar na da danshi. Basilin marar turare ya wadatar, haka ma man kaɗanya tsantsa irin wanda ake kawowa daga Tamale, Wa da Bolgatanga, muddin ba a gauraya shi da turare ko wani magani ba. Kowane mai aka samo, a fara gwada shi a ɗan wuri kaɗan a ga yadda fatar za ta karɓe shi.

Ɓawon kai

Shi ne ɓawon nan mai maiƙo, fari ko ruwan ɗorawa, mai kama da amosani, wanda ke manne wa tsakiyar kai a kusa da maɗiga, wani lokaci har gira da bayan kunne. Yakan bayyana tsakanin mako 2 da wata 3 da haihuwa. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma galibi ba ya ƙaiƙayi. Masana suna danganta shi da yawan maiƙon da fatar kai ke fitarwa a watannin farko, tare da wani nau'in yis da ke zaune a fatar kowane mutum. Mafi yawan yara yakan bar su kafin su cika shekara 1.

Abin yi kaɗan ne. A shafa basilin a kan ɓawon a bar shi ya yi laushi, a wanke da sabulun wanke kai na jarirai, a bi da buroshi mai laushi a hankali. Abin da ya fita ya fita, wanda ya ƙi a bar shi sai wani wankan. Kada a sa farce, mataji ko reza. Ko da ɗan gashi ya biyo ɓawon, zai sake tsirowa. A guji man gyaɗa, domin yana iya tayar wa wasu yara da borin jini.

A nan ya kamata mu tuna da askin ranar suna. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makaranta ya san cewa an so a aske gashin jariri a yi sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa. Wannan abu ne mai kyau, sai dai wajibi ne uban yaro ya tsaya a kan wanzami ya sa sabuwar reza, ya kuma bi a hankali a wajen maɗiga, domin ƙaramin yanka ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Ekzima

Wannan shi ne wanda ya fi wahalar da yaro da uwarsa, kuma babbar alamarsa ƙaiƙayi. Yakan fara tsakanin wata 2 da wata 6, a kumatu, goshi, da bayan hannuwa da ƙafafu. Yaron yakan riƙa goga fuskarsa a zani ko a bayan uwa, ya kasa barci. Littattafan likitanci da yawa suna cewa wurin yakan yi ja, amma a baƙar fata irin tamu ya fi fitowa da duhu, ko toka-toka, ko ƙananan ƙuraje masu kaushi. In ya lafa yakan bar tabo mai haske ko mai duhu, wanda ke komawa daidai bayan wasu watanni.

Ciwon yana bin jini. Gidan da ake da masu asma ko yawan atishawa an fi ganinsa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma alama ce ta cewa nonon uwa ya lalace ba. Saboda haka kada a yaye yaro ko a hana uwa abinci a kan zato, a ci gaba da ba shi nono zalla har wata 6. Ba sakacin uwa ba ne kuma: a 2020 an buga sakamakon manyan bincike 2, ɗaya a Ingila, ɗaya a ƙasashen Nowe da Suwidin, waɗanda suka nuna cewa shafa wa lafiyayyen jariri mai kullum bai hana ciwon fitowa ba. Amma in ya riga ya fito, mai shi ne jigon magani, a shafa shi sau 2 ko fiye a yini. A yanke wa yaro farce, a sa masa tufafin auduga, a daina lulluɓe shi da hular ulu da bargo a cikin ɗakin kwano mai zafi, domin gumi na tayar da ƙaiƙayin. A ɗauraye kayansa sosai daga garin sabulun wanki. In ciwon ya tashi, likita kan rubuta man hydrocortisone mai sauƙin ƙarfi na 'yan kwanaki. Yara da yawa yakan yi musu sauƙi yayin da suke girma.

Halin da unguwanninmu ke ciki

A Nima da Maamobi iyali guda kan zauna a ɗaki ɗaya, ruwa sai an saya, girki kuma da gawayi a bakin ƙofa. A Agbogbloshie da Old Fadama, a gefen kogin Odaw, 'yan'uwanmu mata masu dako suna wuni cikin kasuwa da jarirai a bayansu, cikin rana, ƙura da gumi. A 2013 cibiyar Blacksmith ta sanya Agbogbloshie cikin wurare 10 mafi gurɓata a duniya saboda ƙona wayoyin lantarki don ciro tagulla. A Yulin 2021 hukuma ta rushe filin 'yan gwangwan, aka kuma mayar da masu sayar da albasa Adjen Kotoku, amma sana'ar ba ta mutu ba, ta watsu ne zuwa wasu wurare. Hayaƙi da ƙura suna tayar da ciwon fata, su kuma cutar da ƙirjin yaro. Don haka muna kira ga iyaye maza masu wannan sana'a, da makanikai da masu walda: in an dawo gida a wanke hannu, a canza riga, kafin a ɗauki jariri. Mai goyo kuma ta riƙa sauke shi a inuwa lokaci-lokaci, ta share masa gumin wuya da hammata.

Abin da za a nisanta da jariri

Na farko shi ne man bututun da ake saye ba tare da takardar likita ba. Da yawansu suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone. Suna kwantar da ƙuraje cikin kwana 2, shi ya sa ake yabonsu, amma suna sirantar da fata, suna kuma ratsawa cikin jinin jariri. Na biyu, man ƙara hasken fata: tun 2016 Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta hana shigo da kayan shafa masu sinadarin hydroquinone, kuma uwar da ke shafa irinsu tana goga wa ɗanta a wajen goyo da shayarwa. Na uku, ƙwayoyin kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri. A Afirka ta Yamma akwai yara da yawa da aka haifa da wani rauni na gado a jininsu, wanda kafur ke iya jawo musu shawara mai tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Sai kuma man zafi, turare, hoda, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka, duk suna ƙara bushewa.

Lokacin zuwa asibiti

A kai yaro asibiti a ranar, ba sai gobe ba, in wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo mai kalar zuma, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso lokaci guda. Haka nan in jikinsa ya yi zafi alhali bai kai wata 3 ba, ko ya ƙi kama nono, ko idonsa ya yi ruwan ɗorawa. In kuwa duk gidan ne ke susa da dare, to wataƙila ƙazuwa ce, kuma sai an yi wa kowa magani tare. Yaron da aka yaye, in fatarsa na saɓa tare da kumburin ƙafa da canjin launin gashi, yunwa ce ta kama shi. A nan Accra, a Asibitin Yara na Princess Marie Louise, likita Cicely Williams ta yi aikin da ya sa ta bayyana wannan ciwo a 1933, kuma a 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga suka san shi, wato kwashiyoko. Wannan asibiti yana nan, ga Babban Asibitin Maamobi, ga Korle Bu inda ake da likitocin fata. Ranar awo ma dama ce ta nuna wa ma'aikaciyar jinya duk abin da aka gani.

'Yan'uwa, addu'a makamin mumini ce, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. Kafin mu zargi kambun baka ko mu munana wa maƙwabciya zato, mu fara duba ruwan wanka, sabulu da man shafawa. Iyayenmu kakanni, ku ne kuka rene mu, girmanku na nan, muna roƙonku ku zama na farko wajen cewa a kai yaro asibiti. Maigida kuma ya sani cewa katin inshorar lafiya da kuɗin mota suna cikin haƙƙin da ke wuyansa.

Allah Ya raya mana zuriyarmu cikin ƙoshin lafiya da imani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.